Na saya wa yarana Magana Jari Ce

Ranar Asabar na shiga layin masu littattafai a kasuwar Sabon Gari neman littafin lissafi, sai idona ya faɗa kan Magana Jari Ce, na ɗaya zuwa na uku, an ɗaure su da kyauro. Ban ma tsaya dogon ciniki ba. Rabona da shi tun ina aji biyar, lokacin da muke karɓa-karɓa da kwafi ɗaya wanda bangonsa ya tafi.

Wanda na samo dai takardarsa ba ta da kauri, tawada ta dusashe a wasu shafuka, har ɗigon wata kalma sai ka kanne ido. Ina zargin ba bugun asali ba ne. In za ka saya, ka buɗe tsakiya ka duba kafin ka miƙa kuɗi.

Na damƙa wa babbar, mai shekara 11, wadda ke iya wuni a kan wayar mamanta. Shafi biyu ta yi ta ajiye. "Baba, mene ne lifidi? Su wane ne fatake? Sule nawa ne a naira?" Ga shi makarantarsu Turanci ake kora musu, ƙ da ɗ suna yi mata tuntuɓe. Raina ya ɗan sosu, na ce shi ke nan, zamanin Abubakar Imam, marubucin littafin, ya wuce a gidan nan.

Daren Talata aka ɗauke wuta, wayar ma ta mutu. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na haska tocila na fara karantawa da ƙarfi, ina maƙale murya in na zo kan aku. Ka san yadda abin yake: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla makirci, aku kuma na riƙe Musa ɗan Sarki da labari har gari ya waye. Kafin in kai labarin Sahoro da Sahorama, autana mai shekara bakwai yana birgima don dariya. Ita kuwa 'yar ƙorafin, ita ce ta hana ni rufe littafin. Ta ce akun nan ɗan wayo ne, daidai inda labari ya yi daɗi yake jan rai, kamar fim mai dogon zango.

Littafin da ya fara fitowa a 1937 ke nan. Imam ya kwaso wasu labaran daga Larabawa da Indiya da Turai, amma ya ɗinka musu riga 'yar gida, kuma Hausarsa ta kunne ce, sai an furta take tashi. Akwai wuraren da na tsallake, musamman inda ake ambaton bayi da sare kai kamar ba komai ba.

Yanzu muna tsakiyar na biyu. Jiya na ji ta a ɗaki tana karanta wa ƙanenta, tana kwaikwayon muryar akun da nake yi, har ta fi ni iyawa.