Feshin sanyi a keke da motar golf: wanne ya dace da zafin Sakkwato?

Duk wanda ya yi tsayuwar Arfa ya ga turakun nan masu fesa ruwa kamar hazo a kan alhazai. Irin wannan feshi ne ɗan yayata mai karatun injiniya ya ɗauka a matsayin aikinsa na shekarar ƙarshe. Ya haɗa shi a jikin ƙaramar motar lantarkin nan ta filin golf, mai rumfa a sama, gefe a buɗe. Makonni ya kwashe yana kwancewa yana ɗaurawa a ƙofar gidana, ni kuma ina riƙe masa ma'aunin zafi. Tun daga lokacin masu agwagwa da buje (Keke Napep) na unguwarmu ke tare ni da tambayar wane irin kayan feshi za su saya, don keken nasu ma ginin rumfa ne a kan taya, rana na dukansa daga Dandima har Gawon Nama.

Asalin abin ba baƙo ba ne a wurinmu, aikin randa ne. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, kuma ba ya tafiya sai ya kwashi zafi. Kowace lita ɗaya da ta bi iska tana tafiya da zafin da ya kai kusan kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Da wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Sharaɗin shi ne iska ta kasance busasshiya, kuma a nan Allah ya ba mu. A bazara, in zafi ya kai digiri 42 danshin iska kuma kashi 15 cikin 100, lissafi ya nuna ƙarshen abin da ruwa zai iya saukar da iskar shi ne wajen digiri 22. Ba za ka samu wannan duka a mota mai buɗaɗɗen gefe ba, amma ko rabinsa ka samu ka ji a jikinka. A marka kuwa, iska ta ƙoshi da ruwa, feshin ba ya tsinana komai sai jiƙa wa fasinja riga. Don haka ka sani kayan watanni uku zuwa huɗu kake saye, daga Maris zuwa saukar damina.

Mafi araha shi ne ƙaramin famfo mai aiki da batir na bolt 12, da siririn tiyo da bakunan feshi. A jikin famfon za ka ga an rubuta ƙarfin turinsa, galibi tsakanin PSI 60 da 100. Da shi yaron ya fara, da bakunan roba guda shida. Ranar gwajin farko na zauna a baya da farar shadda, kafin mu kai ƙarshen layi gabanta ya yi ɗigo-ɗigo, tabarauna ya rufe. Ƙwayoyin ruwan sun yi girma, suna faɗowa kafin su bi iska. Ya cire na robar ya sa na tagulla masu ƙaramin ƙofa, ya rage su zuwa uku, sannan ya ɗaura ƙaramar fanka a bayansu. Nan abin ya canza. Fankar ce ke tarwatsa feshin, kuma ita ke aiki lokacin da aka tsaya a cunkoso babu iskar tafiya, wanda shi ne lokacin da direba ya fi shan wuya. A ganina wannan haɗin ne ya dace da mai keke da mai motar golf, in har ya haɗa da maɓallin da ke kunna famfon na ɗan lokaci ya kashe da kansa.

Sai mai ƙarfin turi sosai, wajen PSI 1,000, irin wanda ake sawa a manyan wurare. Feshinsa ya fi kowanne laushi, yana ɓacewa kafin ya taɓa fata, sanyi kawai kake ji. Amma famfonsa na da nauyi da tsada, yana cin wuta, kuma tiyonsa na musamman ne, ba wanda za ka samu a kowane shago ba. Mai otal ko babban asibiti da ke jigilar tsofaffi a motar golf zai iya ɗaukar nauyinsa. Mai keken da ke biyan balas kullum, ban ba shi shawara ba.

Akwai kuma ɗan faifan nan da ake tsomawa a ruwa ya yi ta fitar da farin hayaƙi mai sanyi. Yana burge ido a bidiyon talla. Ruwan da yake fitarwa kaɗan ne ƙwarai, iskar titi na kwashe shi nan take. Ka bar shi a ɗaki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu cewa za su kwance famfon tsohuwar jarkar feshin gona su sa a keke. Famfon kam irinsa ne, amma wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na ciyawa bai dace ya fesa wa ɗan Adam ruwa a fuska ba, ko sau nawa aka wanke shi. Mata da jarirai ne ke zama a bayan nan. Don Allah a sayi sabo.

Maganar ruwa ita ce masu sayarwa ba sa yi. Bayan 'yan kwanaki biyu daga bakunan suka daina fesawa. Yaron ya kwance ɗaya ya ɗaga shi ga hasken rana, sai ga farin abu kamar alli ya like ƙofar. Ya ce, "Kawu, ruwan ga na burtsatse shi ka toshe su." Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da farar ƙasarta ta sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina. Ƙofar bakin feshi ba ta kai rabin milimita ba, ƙwayar yashi ɗaya ta ishe ta. Kada ka sayi haɗin da babu matata tsakanin tanki da famfo, kuma ka zaɓi bakunan da ake iya kwancewa a jiƙa cikin ruwan kal ko ruwan lemun tsami su kwana. Ka sayi na ajiya tun ranar farko. In ƙofa ta toshe kada a zura mata allura, faɗaɗa ta za a yi, feshin ya koma yayyafi.

Sannan wannan ruwa shaƙarsa ake yi, yana shiga huhu. Ƙwayar cutar Lejiyonela, wadda aka gano bayan ta kashe mahalarta wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye, tsakanin digiri 20 da 45. Jarkar da ta wuni a ranar Afrilu ta kwana da sauran ruwa, gidanta ke nan. Tankin da za ka saya ya zama mai faɗin baki da hannu zai shiga a wanke, a zubar da ragowar ruwan kowace yamma, a cika da na sha da safe. Lita 10 ta fi lita 20 sauƙin wannan hidima, kuma kowace lita kilo ɗaya ce a kan taya.

Wajen wuta, keke na da batir na bolt 12, sai dai a sa fis kusa da batirin. Famfo mai wat 60 yana jan amfiya 5 in yana aiki. Motar golf kuwa yawanci bolt 36 ce ko 48. Wasu masu gyara kan laƙa waya a batir ɗaya ko biyu daga cikin jerin don su samu 12, sai waɗannan su riga sauran mutuwa su ja wa jerin duka. A sayi na'urar sauke ƙarfin wuta zuwa bolt 12, kuɗinta bai kama ƙafar na batir ba.

Kafin ka biya, ka ce a ɗaura a gwada da ƙarfe biyu na rana, ba da hantsi ba. Ka rataya ma'aunin zafi daidai inda kan fasinja ke zama, a inuwa, inda ruwa ba zai taɓa shi kai tsaye ba, don in ya jiƙe zai nuna maka sanyin da babu. Ka duba shi kafin a kunna, ka sake dubawa bayan minti goma, a tsaye da kuma a tafe. Ka shimfiɗa takardar jarida a kujera: in ta jiƙe, bakunan sun yi yawa ko ƙofarsu ta yi girma. Ka tara kwalba a baki ɗaya na minti ɗaya, ka ninka abin da ya taru da yawan bakunan da sittin, ka ga lita nawa za ka sha a awa. Sannan ka tabbatar babu bakin da ke kallon gilashin gaba, don ƙurar titi da raɓa in suka haɗu laka suke yi a gaban idon direba.