Google Patents: bita kan amfaninsa wajen binciken haƙƙin ƙirƙira na ƙananan batura

Duk wanda yake son sanin ko wani ƙaramin batir mai siffar maɓalli sabuwar ƙirƙira ce ko kuwa an riga an yi irinsa, zai sami saurin da yake buƙata a Google Patents, dandalin kyauta na binciken takardun haƙƙin ƙirƙira da aka buɗe a 2006. Ana iya tace bincike da lambar rukuni, misali H01M 50/109 da ta shafi kwanson batir mai siffar maɓalli, sannan a taƙaita shi ga takardun da suka gabaci wata rana. Wannan tacewar ita ce ginshiƙin aikin, domin takardar da ta fito bayan ranar fifiko, wato ranar da aka fara neman rajistar ƙirƙirar, galibi ba ta da amfani wajen rushe haƙƙin wani.

Na gwada dandalin da takardun kamfanin VARTA na Jamus, wanda ya shigar da ƙararraki a Texas a 2020 kan baturan da ake sa wa a na'urorin sauraro marasa waya. Ƙirƙirar da ake jayayya a kai ta haɗa da naɗe faifan lantarki a cikin ɗan kwanso da kuma rufe shi ba tare da lanƙwasa bakinsa ba. A nan dandalin ya burge ni, domin yana nuna takardun da aka ambata a cikin kowace takarda da waɗanda suka ambace ta daga baya, kuma yana fassara na Japan, inda tarihin wannan fasaha yake da yawa, ta yadda mai bincike zai gane ko takarda ta cancanci a karanta ta da kyau.

Sai dai gano tsohuwar takarda abu ne daban, fassara iƙirarin mai haƙƙi, wato bayyana ma'anar jimlolin da suka fayyace iyakar abin da haƙƙinsa ya kare, kuma abu ne daban. Tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Markman a 1996, alƙali ne yake fassara iƙirari a Amurka, kuma hukuncin shari'ar Phillips na 2005 ya sa ana ba kalma ma'anar da masanin fannin zai fahimta bisa bayanin takardar da kuma musayar wasiƙu tsakanin mai nema da ofishin rajista. Waɗannan wasiƙu ba sa cikin shafin takardar, sai an bi mahaɗi zuwa ma'ajiyar ofishin, alhali a cikinsu ne mai nema kan taƙaita ma'anar kalma don ya kuɓuta daga wata tsohuwar fasaha. Fassarar na'ura ma ba abin dogaro ba ce idan shari'a ta rataya a kan bambancin lanƙwasa baki da matse shi.

Ga injiniya ko ɗalibi, dandalin ya wadatar a matakin farko, musamman idan an haɗa shi da Espacenet na Ofishin Haƙƙin Ƙirƙira na Turai don tantance dangin takarda, wato takardun ƙirƙira guda da aka shigar a ƙasashe daban-daban. Wanda zai sa kuɗi a harkar ƙera batir kuwa yana buƙatar lauyan fannin da ƙwararren mai fassara su duba abin da ya tattara.