Shingen Raga Mai Lantarki: Yana Mayar wa Mai Tumaki Kuɗinsa?

Duk wanda ya haɗa noma da kiwon tumaki ya san cewa abinci ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin da yake kashewa, kuma da wannan ma'aunin na auna shingen raga mai lantarki da nake amfani da shi a gona. Ragar tana zuwa ne a naɗe, tsawonta mita 50, tsayinta kusan santimita 90, da turakunta a jiki. Ana sayen na'urar da ke ba ta wuta daban, tare da batir da faifan hasken rana, kuma mutum ɗaya yana iya kafa ta ba tare da ya nemi taimako ba.

Babban amfaninta shi ne iko da take bai wa mai dabbobi a kan inda za su ci. Tumakin da aka saka a fili suna tsince ciyawa mai daɗi, su tattake saura, sa'annan su koma kan sabon toho tun bai yi ƙarfi ba. Idan aka killace su a ɗan yanki na kwana uku ko huɗu, aka matsa da su gaba, sukan cinye abin da ke gabansu, wurin da suka bari kuma ya sami hutun makonni ya sake tofowa. Tunkiya tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta a kullum, don haka duk ranar da ta ƙoshi a gona, rana ce da ba a taɓa abincin da aka saya ba. Bayan girbi ma ana iya bi da su yanki-yanki su kalace ragowar amfanin gona, kashinsu ya bazu ko'ina maimakon ya taru a gindin inuwa ɗaya. Akwai kuma batun tsutsar ciki, wadda ƙwanta da ke fita a kashin tumakin ke zama haɗari cikin ƙasa da mako guda idan ana zafi da danshi; matsar da su gaba da wuri yana rage kamuwa, ko da yake bai hana ba da magani ba.

Sai dai shingen yana da wahalarsa, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Gashin tumaki yana tare wuta, saboda haka ana buƙatar ƙarfin wuta na kusan bolt 4,000 zuwa 5,000 kafin su ji tsoron shingen. Jiƙaƙƙiyar ciyawa da ta taɓa wayoyin ƙasan ragar tana shanye ƙarfin, busasshiyar ƙasa kuma tana raunana shi, har sai an zuba ruwa a gindin ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a haɗa shi da na'urar. Abin da ya fi damuna shi ne rago mai ƙaho: idan wuta ta yi rauni ya cusa kai, ragar takan sarƙe shi, kuma hakan na iya kai shi ga halaka. Wajibi ne a duba shingen kullum.

Mai tumaki huɗu ko biyar zai daɗe bai fanshe kuɗinsa ba, domin farashin na'urar ba ya raguwa don dabbobi kaɗan ne. Mai garke babba kuwa, wanda ke da filin da zai rarraba, da kuma lokacin jan ruwan sha zuwa kowane sabon yanki, ina ba shi shawarar ya sayi raga biyu, don ya kafa ta gaba kafin ya naɗe ta baya.