Masu gyaran lambun gida na Rayfield: aikinsu kafin hunturu

A Jos, daga Nuwamba iska ke fara busar da ƙasa, kuma nan ne ake gane masu dashen da suka san aiki. Waɗannan na gefen titi a unguwar Rayfield sun sani. Suna kafa zana ta arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, sannan su shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsu huɗu a kan kowane fage. Ba sa bari ciyawar ta taɓa gindin shuka, suna barin tazarar tafin hannu, don in ta manne gara ce za ta hau. Wannan kulawar kaɗai ta isa a yaba musu.

Dashen kabeji da latas ɗinsu lafiyayye ne, saiwarsa fara tas a cikin leda. Shawararsu ta ban ruwa da sassafe, a jiƙa ƙasa sosai ba yayyafi ba, daidai ce.

Matsalar ita ce takin kajin da suke sayarwa. Wani buhun bai gama ruɓewa ba, yana wari da ɗumi, kuma irinsa kan ƙona saiwa. A buɗe a duba kafin a biya; mai kyau baƙi ne, yana marmashewa a hannu.