Samfurin Jirgin Growler a Wani Shago na Accra

A wani shago da ke kusa da Nima na sayi ƙaramin samfurin roba na jirgin EA-18G Growler, wanda kamfanin Boeing ya ƙera domin toshe na'urorin rada masu hango jirage da sadarwar abokan gaba, kuma ya maye gurbin EA-6B Prowler a rundunar sojin ruwan Amurka. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Kujerun biyu da akwatunan ALQ-99 masu toshe rada da ke rataye ƙarƙashin fukafukai sun fito daidai, har 'yar farfelar da ke gaban kowane akwati, mai samar masa da lantarki, ba a manta da ita ba. Sai dai shagon ba ya ajiye kayan gyara, alhali gilashin matuƙi ba shi da kauri. Idan ya tsage, dole a yi oda daga waje.