Ofishin awon filaye da ya kawar mini da hanyar maƙwabci a Garwa

Filin da mahaifinmu ya bar mana a unguwar Pumpumre da ke Garwa, a ƙasar Kamaru, yana da takardar mallaka ta gwamnati, wadda a nan muke kira titir fonsiye, amma tun yana raye wata hanya ta ratsa tsakiyarsa zuwa gidan wani dattijo da ke bayanmu, wanda ba shi da wata mafita zuwa titi. Da na tashi gina ɗakuna sai hanyar ta tsaya mini a wuya, don haka na nufi wani ofishin masu awon filaye a cikin gari, kuma aikinsu nake son bayyanawa ga duk mai irin wannan damuwa.

Abin da ya fara burge ni shi ne, kafin a yi maganar kuɗi mai awon ya zaunar da ni ya warware mini doka da Hausa da Fulatanci. Ya ce sashe na 682 na kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa ya bai wa mai filin da aka kewaye haƙƙin wucewa ta filin maƙwabcinsa, saboda haka toshe hanyar ba ya cikin lissafi. Sashe na 701 kuwa ya hana ni rage masa amfaninta, sai dai idan wurin da take ya zama nauyi gare ni ko ya hana ni gyara mai amfani, ina iya ba shi wani wuri mai sauƙi daidai da na farko, shi kuma ba zai ƙi ba.

Wannan magana ta "daidai da na farko" ita ce ta nuna mini ingancin mutumin. Ni na zaɓi gefen arewa domin can ne ba na bukata. Bai ce mini komai ba, sai da aka tafka ruwa a watan Agusta ya kira ni muka je tare, muka tarar da wurin ya zama tabki har gwiwa. Ya faɗa mini gaba da gaba cewa ba zai zana hanya a nan ba ko da ni ne mai biyansa, domin tsoho da jikokinsa ba za su yi damina suna iyo ba, kuma alƙali ma ba zai karɓa ba. Raina ya ɓaci a ranar, amma gaskiya ce. Aka mayar da hanyar jikin katangar kudu da faɗin mita 3, yadda amalanken mai ruwa da babur za su shige ba takura. Da muka je wa dattijon da zanen, na ce, "Baba, ku duba ko ta yi muku." Ya taka ta da sandarsa har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka."

Na so mu tsaya a kan shaidar jauro, wato mai unguwa, ofishin ya hana. Dokar filaye mai lamba 74-1 ta 6 ga Yuli 1974 ta wajabta a rubuta irin wannan yarjejeniya gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da irin waɗannan takardu, in ba haka ba ba ta da ƙarfi, daga nan a kai ta ofishin ajiyar rajistar filaye a shigar. Su suka haɗa takardun duka.

Aibinsu jinkiri ne. Sun yi alkawarin mako uku, aikin ya ci kusan wata uku, sau biyu ina zuwa ana ce mini mai awon ya tafi Ngaundere, ba wanda ya buga mini waya, alhali siminti na jibge a gida cikin danshi. Kuɗinsu ma ba kaɗan ba ne, kodayake sun rubuta mini kowane sefa a takarda kuma ba su ƙara ko dala a kai ba. Duwatsun iyaka huɗu da suka kafa suna nan, harsashin ɗakunan kuma ya riga ya hau kan tsohuwar hanyar.