Zaman shiru na kwana takwas: abin da na samu, da abin da ya rage musu

Gidan addu'ar na 'yan Katolika ne, ni kuwa ba ɗan Katolika ba ne, kuma babu wanda ya nemi takardar baftismata a bakin ƙofa. Abin da suke bayarwa ba shi da yawa: ɗaki na mutum ɗaya da gado da tebur, abinci a kan lokaci, ɗakin sujada a buɗe dare da rana, sai mai jagora da za ka zauna da shi kamar minti arba'in kowace safiya. In ban da wannan zaman, baki a rufe yake har kwana takwas su cika. Waya ana roƙonka ka ajiye ta a ofis, su ba iyalinka lambar gidan saboda ko-ta-kwana. A ganina wanda wani babban abu ya ƙare masa, aiki ne ko aure ko hidimar da ya daɗe a kai, zai amfana da wurin ƙwarai, amma akwai gyara, kuma ba kowa zan tura ba.

Ni abin da ya kai ni, maɗaba'ar da na yi wa aiki tun ina saurayi ce ta rufe. 'Yan'uwa a ikkilisiya sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Sai dai kowa ya zo da aya a baki, kuma duk ayoyin na sabon farawa ne. Ni ko tsohon ban gama binnewa ba.

Tsarin da gidan ke bi na Ignatius na Loyola ne, kuma sanin tarihinsa ya sa na saki jiki da su. Soja ne ɗan ƙasar Sifen. A 1521, a yaƙin Pamplona da Faransawa, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa, aikin soja ya ƙare nan take yana ɗan shekara talatin ko kusa da haka. A kwancen jinya ya karanta tarihin Yesu da na tsarkaka, daga baya ya shafe kusan shekara a Manresa yana addu'a yana rubuta abin da yake lura da shi a zuciyarsa. Waɗannan rubuce-rubucen ne suka zama tsarin da Paparoma Bulus na Uku ya amince da shi a 1548. Cikakkensa kwana talatin ne, an raba shi kashi huɗu, na kwana takwas ɗin taƙaitawa ce don masu aiki da iyali. Wato mutumin da ya tsara abin ya san ɗacin rasa sana'a da rana tsaka.

Jagorata wata Sista ce dattijuwa, mai ƙarancin magana. Na shiga wurinta da littafin rubutu da jerin tambayoyi, a shirye nake a ba ni aiki. Ta dube ni ta ce, "Ɗan'uwa, yaushe rabonka da barci mai kyau?" Na ce, "Sista, an kwana biyu." Ta ba ni 1 Sarakuna 19 kaɗai, ta ce in karanta in kwanta. Raina ya ɗan ɓaci, don ba barci na zo yi ba. Amma ga Iliya nan a nassin, ya gudu daga Yezebel, ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa, kuma abin da mala'ika ya fara yi masa shi ne ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya sake kwanciya, ya kuma tashe shi karo na biyu. Ba wa'azi, ba tsawa. Maganar Allah sai a Dutsen Horeb, bayan tafiyar kwana arba'in, sabon aiki kuwa sai bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce. Na sha koyar da wannan sura a makarantar Lahadi, kullum ina tsallake barcin in nufi murya mai sanyin nan. A kwanakin farko na yi barcin da ban san jikina yana bina bashinsa ba, kuma Sista ba ta ɗauke shi ɓata lokaci ba. Zabura 127:2 ta nuna mini, inda aka ce Ubangiji yana ba ƙaunataccensa barci.

Wannan shi ne babban abin da nake yaba wa gidan: ba sa gaggawar warkar da mutum. Akwai ƙa'idar Ignatius da ke cewa kada mutum ya sauya shawara a lokacin da zuciyarsa ke cikin duhu, ya jira sai gari ya waye masa. Ni kuwa na zo da shawarwari manya a aljihu, har da sayar da gida. Sista ta ce in rubuta su duka a takarda in ninke, kada in buɗe sai na koma. Akwai kuma ƙa'ida ga mai jagoran kansa, cewa ya tsaya a tsakiya kamar ma'auni, kada ya karkata mutum zuwa wani zaɓi, ya bar Mahalicci da halittarsa su yi maganarsu. Ta riƙe wannan sosai. Na yi ta zagaye ina neman ta ce mini yi kaza, ba ta taɓa faɗa ba.

Inda abin ya yi mini nauyi shi ne batun miƙa kai. A ƙarshen tsarin akwai addu'ar da mutum ke miƙa wa Allah 'yancinsa da tunaninsa da fahimtarsa da nufinsa gaba ɗaya. Na karanta, bakina ya ƙi. Yaya zan miƙa abin da aka riga aka ƙwace? Na gaya wa Sista haka, ina jiran ta gyara mini tauhidi. Sai ta mayar da ni Getsamani, Luka 22:42, ta ce in lura da jerin maganar: Yesu ya fara roƙon a ɗauke masa ƙoƙon, sannan ya ce a yi nufin Uba. Ta ce yawancinmu rabi na biyu muke haddacewa, shi ya sa miƙa kanmu ke fitowa da ɗaci. In fara faɗa wa Allah abin da nake so tukuna, ko da a mayar mini da aikina ne. Na faɗa, da fushi ma. Ban fito gidan na iya yin waccan addu'ar duka ba, kuma ba wanda ya nuna mini cewa na faɗi jarrabawa. Wata rana guda Sista ta sa ni zama da Asabar ɗin da ke tsakanin gicciye da tashi, ranar da almajirai ba su san Lahadi na zuwa ba. Ban taɓa jin an yi wa'azi a kan wannan ranar ba, alhali a cikinta nake zaune watanni.

Sai gyare-gyaren. Bangon ɗakunan siriri ne, tarin maƙwabci da kukansa duk kana ji, kuma a wurin da kowa ya yi shiru ƙaramin motsi ma ƙara ne. Takardar da suke bayarwa ranar shiga cike take da kalmomin da ɗan Katolika ne kawai zai gane, ba wanda ya yi mana bayanin abin da baƙo zai yi ko ya bari a lokacin Mas, wato babbar sujadar Katolika. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne fita. Ranar ƙarshe aka yi addu'a, aka miƙo mini wayata, shi ke nan. Mutumin da aka buɗe masa ciwo a hankali ana sallamarsa ba tare da an ce ga wanda zai gani bayan wata ɗaya ba. Alhali Ignatius da kansa ya tanadi hanyar yin tsarin a gida, mutum na aikinsa yana ware lokaci kullum yana ganin jagora lokaci-lokaci har tsawon watanni. Gidan bai ko ambata mana ba, sai da na tambaya.

Ban kuma ga sun tantance masu zuwa yadda ya kamata ba. Takardar rajista ta tambayi abincin da ba na ci, ba ta tambayi ko ina shan maganin damuwa ba. Wanda aka yi masa rasuwa makon jiya, ko wanda tunanin kashe kansa ke zo masa, shiru na kwana takwas zai iya yi masa yawa. Irin wannan likita da mutane yake bukata a kusa, zaman shiru ya biyo baya. Mai jagora ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, Sista ma da bakinta ta faɗa.

Wanda zai je, ya kira tukuna ya tambayi wa zai jagorance shi, ya yi shekara nawa yana wannan aiki, kuma ko za a iya sauya masa wani in jininsu bai haɗu ba, don duk amfanin zaman a hannun wannan mutum ɗaya yake. Ya tambayi ko suna da tsarin bibiya bayan an fita. Ya tafi da Littafi Mai Tsarki da ya saba da shi da littafin rubutu, ya bar sauran littattafan a gida, ba zai buɗe su ba. In kwana takwas sun yi masa tsawo, gidaje irin wannan sukan yi na ƙarshen mako, ya fara da shi ya gwada.